Ganyen da Ba a Lanƙwasawa

Daegu, ranar Talata

Zuwa ga Yayata Geum-rye,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki, tana barin ki barci kuwa? Yaya mutanen tsibiri, yaya kuma karen nan nawa mara kunya? Ina fata bai hana ki sakat da haushi ba. Rubutowa na yi saboda na san halin kunnenki da waya: sai in yi ta ihu, duk unguwa ta ji sirrina, ke ba ki ji ba.

Na iso lafiya. Narae tana kwance a asibiti, hawa na shida. Jininta ya hau, likitoci sun ce ba za ta sauko ba sai ta haihu, ga shi da sauran kusan wata guda. Ba sa barin kowa ya shiga ɓangaren sai mijinta. Na ce da yarinyar da ke bakin ƙofa ai ni na haife ta. Ta rusuna min da ladabi, ta yi murmushi, ta ce doka ce. Muryar 'yata kawai na ji ta waya, ina ƙasa tana sama.

Miyok ɗin ma, ganyen tekun nan, ya iso lafiya, na san shi za ki fara tambaya. Kin ga yadda na yanko shi daga jikin dutse da hannuna, na shanya shi miƙe, na ɗaure da igiyar karan shinkafa, tsawonsa ya kai min har ka. Ke kika koya min yadda Inna ta koya miki: ganyen tekun da za a yi wa mai jego romo ba a lanƙwasa shi, ba a karya shi, ba a neman ragi a kansa, sai ta sauka lafiya, in ba haka ba haihuwa ta zo da gardama. Direban bas ya so ya cusa shi a ƙasa cikin akwatuna. Na ce sai dai ya cusa mu tare. Haka na riƙe shi tsaye tsakanin gwiwoyina tun daga bakin ruwa har Daegu.

Surukina Tak ya tarye ni a tasha, duk ya rame. Ya ce iyayensa sun gyara min ɗaki, tunda kin san a gidansu suke zaune. Yaya, ni in kwana a gidan surukai? In fito daga banɗakinsu da safe mu yi kiciɓis da uban mijin 'yata? Bakina ya riga hankalina, na ce ina da ƙawa kusa da asibiti, wajenta zan sauka. Na ga yaron ya saki ajiyar zuciya, ya koma wajen matarsa. Ni kuwa ko kaza ban sani ba a garin nan.

Daga nan na shiga neman masauki, kuma sai a tsakiyar gari, inda zan iya takawa zuwa asibiti da ƙafa. Otal na farko ƙofar gilashi ce mai juyawa, na dube ta, na dubi miyok, na wuce. Na biyu ba mutum a ciki ko ɗaya, wata na'ura ce take magana tana so in danna ta. Na uku gidan baƙi ne cike da 'yan yara masu manyan jakunkuna a baya, gadon da ya rage na sama ne, wai da tsani zan hau. Ga zafin garin nan, ba iskar teku, kamar an kife mutum da tukunya.

A ƙarshe na faɗa wani lungu bayan asibiti, masaukai jere, kowanne ya rataya labulen roba a ƙofar motoci. Mai wurin yana bayan wata 'yar taga daidai ƙugu, hannayensa kawai ake gani. Ya ce, "Mutum nawa?" Na ce ni kaɗai. Ya nuna miyok da yatsa ya ce, "Wannan dogon fa, ba mijinki ba ne?" Na ce mijina bai taɓa yin shiru haka ba, Allah ya jiƙansa. Ya yi dariya ya turo makulli.

Ɗakin kuwa, kada ki faɗa wa kowa. Fitila ja, gado zagaye kamar faifai, madubi har a rufi. Na buɗe taga na ci karo da bango. Sai a lokacin na gane irin masaukin da na shigo. Na kwantar da miyok a kan gado, ni na shimfiɗa bargo a ƙasa, don ba zan kwanta ina kallon tsohuwa a sama tana kallona ba.

Ki gaishe min da kowa. In an yi hadari ki shigar min da tarunan da na bari a tsakar gida.

Ƙanwarki,
Mal-sun

Daegu, ranar Asabar

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ina fata kina shan maganinki ba ki ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma ba. Narae tana nan yadda take, ba gaba ba baya.

Ashe ɗakin nan ba nawa ba ne sai da dare. Washegarin zuwana, da hantsi, wayar ɗaki ta yi ƙara, mai hannayen nan ya ce in fito. Na ce ai na ce masa zan daɗe. Ya ce, "Baba, da rana ɗaki na masu zuwa hutun awa biyu ne. Da su muke ci. In kina so ki riƙe shi yini guda, sai ki biya nasu." Ban san ranar da zan bar garin nan ba, don haka na tattara na fito. Ya ce in bar kayana a wajensa. Na miƙa jaka ta ƙofar gefe, na miƙa miyok, sai na ga ya kama shi da hannu biyu zai ninke don ya shiga kabad. Ihun da na yi har wasu biyu da suke shigowa suka juya da gudu. Tun ranar, duk inda na sa ƙafa da shi nake zuwa, daga hantsi har faɗuwar rana.

Ba ki san yadda gari yake da ƙanƙanta ba sai kina ɗauke da abin da ba ya lanƙwasuwa. Ƙofofi gajeru, mutane kowa sauri yake, akwatunan ajiya na tasha ko rabinsa ba sa ɗauka. In hadari ya haɗu sai in ruga ƙarƙashin rumfa, ni ina jiƙewa shi yana cikin rigata ta ruwa. Jiya wani tsoho ya tambaye ni ko kamun kifi zan je.

Abinci kuma shi ne abin da ya fi ci min rai. Na bi ƙamshin gashi na shiga wani wuri, yarinya ta ɗaga min yatsu biyu ta ce daga mutum biyu suke farawa. Na shiga na gaba, haka. Na uku suka ce in dawo bayan 'yan ofis sun watse, ba za su ba mutum ɗaya tebur ba. Yaya, tun da aka haife ni ban taɓa sanin cin abinci ni kaɗai laifi ba ne. A gida ko shinkafa ce da kimci, tsumammen kabejin nan namu, sai wani ya leƙo ya sa cokali. Kwana biyu na yi a kan shinkafar kanti, irin mai sanyi da ake naɗewa a leda, ina ci a tsaye ina fuskantar gilashi. Ledar ma ban iya buɗe ta ba sai da ta wargaje min a hannu.

Shekaranjiya na samu wani ɗan gidan romo a bakin kasuwa, mai shi kowa uwar Dong-gu yake ce mata. Kin san mutanen garin nan, in suna gaisuwa sai ki ɗauka faɗa suke. Tana ganina ta daka tsawa, "Ke, mai sanda! Shigowa za ki yi ko tare min ƙofa?" Sai idonta ya sauka a kan igiyar da na ɗaure miyok da ita. Ta ce, "Wa zai haihu?" Na ce 'yata. Ta ture buhunan albasa da ƙafa, ta share gefen bango, ta ce in jingina shi a hankali, duk wanda ya taɓa shi sai ta fasa masa kai da ludayi. Na ci romonta. Gishiri da barkono kawai, kamar duk girkinsu. Na faɗa mata. Ta ce, "Ku mutanen kudu, ko ruwa aka ba ku sai kun ce na garinku ya fi daɗi. Tashi ki biya ni." Amma ta ƙara min shinkafa.

Sauran yinin a kan wani benci nake yin sa, ƙarƙashin bishiya, daidai gaban asibiti. Ban san tagar Narae ba, ina dai kallon hawa na shida. Ranar Alhamis waya ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji ta tana dariya. Ta ce, "Umma, wai ke ce a ƙasa da dogon abu kamar mai gadi? Duk ɗakinmu an fito kallo." Na ce in ta ji kunya in tashi. Ta daina dariyar, ta ce kada in tashi. Ta ce ita ba ta yarda da waɗannan camfe-camfen namu ba, amma in ta leƙo da safe ta gan shi tsaye, ta gan ni a gefensa, sai ta ji numfashinta ya daidaita. Yarinyar nan tsoro take ji, Yaya. Tun tana ƙarama in ta ji tsoro dariya take yi.

Yanzu kowace safiya tana ɗaga labule, ni kuma in ɗaga miyok sama ta gani. Ta tambaye ni ƙawata, na ce tana gaishe ta. Na gaji, ƙafafuna sun kumbura, ina kewar ƙarar ruwa. Amma ba inda zan je.

Ki gaida limamin cocinku, ki ce ya sa Narae a addu'a. Nima na roƙi duk wanda na sani.

Taki,
Mal-sun

Daegu, Laraba da hantsi

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yin sa.

Miyok ya karye. Ina fitowa daga masauki yau, wata mota ta kunno kai ta cikin labulen roba, mai ita yana sauri kada a gan shi. Na yi tsalle gefe, ƙafata ta zame, na dafa bango da shi. Ƙarar ba ta fi ta busasshen kara ba. Gida biyu ya yi, daidai tsakiya. Kwanan da yake yi a sanyin na'urar ɗakin nan ya busar da shi ƙarau, ni kuma ban lura ba.

Ina zaune yanzu a kasuwar ƙarƙashin ƙasa, a kan matakala, na rufe shi da rigar ruwa. Lokacin ɗaga labule ya wuce. In na je da shi a karye za ta gani. In na je hannu rabbana za ta tambaya. Ta kira ni sau biyu ina kallon wayar, na kasa ɗauka, don Narae daga "na'am" take gane ƙaryata. Na kashe wayar gaba ɗaya.

Na ce wa kaina ganye ne kawai. Na faɗa sau ba adadi. Amma ina tuna ranar da Inna ta fasa sayen wani don mai shi ya ninke gefensa, sai na kasa yarda da bakina.

An ce akwai babbar kasuwa a yammacin gari, mai layin kayan teku. Can zan tafi in nemo dogo irinsa. Daga hawa na shida ba za ta bambance ba. In na samu kafin la'asar, sai in ce mata barci ne ya ɗauke ni a gidan ƙawata. Kada ki yi min faɗa, ba ni da wata dabara.

Mal-sun

Daegu, ranar Litinin

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki zauna kafin ki karanta, amma kada gabanki ya faɗi: Narae tana raye, jaririyar ma tana raye. Mace ce, 'yar mitsitsiya, tana cikin kwalba. Na gan ta ta bayan gilashi, hancin gidanmu ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri.

Ranar Laraba na yini a kasuwar nan. Duk wanda na tambaya sai ya miƙo min yankakke a leda. Sai da rana ta karkata na samu wani tsoho mai dogo a bayan rumfa. Ya ga yadda nake haki ya ce zai rage min, na ce kada ya kuskura. Na rungumo shi na taho da ƙafa don tsoron ƙofar bas. Na isa benci, na ɗaga shi sama yadda na saba. Labule a buɗe yake, wata mata daban ce a tagar. Sai a lokacin na kunna waya, kira a jere, na Narae, na Tak, na Narae.

Tun azahar jininta ya ƙara hawa, aka shiga da ita tiyata da gaggawa. Ta zubar da jini sosai, ba ta farfaɗo ba sai washegari. An nemi in hau in gan ta kafin a shiga da ita. Sau ɗayan nan aka buɗe min ƙofa, ina can ina zaɓen ganye. Tak ya zagaye unguwar yana neman gidan ƙawar da babu ita. Da ya same ni a bencin, ya zauna kusa da ni ya rufe fuska. Na faɗa masa inda nake kwana. Ya ce, "Mama, don Allah." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Kwana uku Narae ba ta kira ni ba. Tak yana cewa ba ta da ƙarfi, ni kuwa na san 'yata.

Ranar Asabar aka ce ta fara cin abinci. Na ɗauki karyayyen na kai wa uwar Dong-gu, na ba ta labari. Ta ce, "Shashasha! Ai yanzu ta haihu, karya shi za ki yi ko da bai karye ba. Ga murhu can, kada ki ƙona min tukunya." Na jiƙa shi, na wanke, na soya da man riɗi da naman sa, na bar shi ya dahu har romon ya yi fari. Ta ɗanɗana ta ce ba gishiri. Ta ƙara ɗanɗanawa, ta juya baya tana goge ido da gefen hannu, wai albasa ce. Asibiti ba sa karɓar abincin waje, Tak ne ya shigar da kular a cikin jakar kayan wanki.

Da yamma ta kira. Ba gaisuwa, ta ce, "Umma, ina kika je ranar Laraba?" Na faɗa mata duka, da motar, da karyewar, da kasuwar. Na jira dariyar nan tata, ba ta zo ba. Ta ce, "Suna tura ni a gado na ce su tsaya a bakin taga. Suka tsaya, Umma, duk da saurin da suke yi. Na ɗaga kai na leƙa. Ba kowa a bencin. Na ɗauka mutuwa zan yi ban gan ki ba." Ta ce, "Kin ɗauka ganyen nake kallo?"

Wayyo, Yaya. Shekara arba'in ina sauka kan dutse mai santsi igiyar ruwa tana dukana, ban taɓa jin abin da ya doke ni kamar maganar nan ba. Ina riƙe da waya, ina jin numfashinta, tana jin nawa. Can ta ce ta shanye romon, in ƙaro gobe, sannan ta kashe.

Iyayen Tak sun zo da kansu suka roƙe ni in koma gidansu. Na gode musu, na ce sai an sallame ta, don gidan nasu yana can ƙarshen gari. Ina nan ɗakina mai jar fitila. Miyok ɗin da na saya na ninke shi a kan gwiwata, na miƙa wa mai hannaye ya sa a kabad. Kullum da safe in yi girki a wajen uwar Dong-gu, Tak ya karɓa a ƙofar baya, ni kuma in wuce benci.

An canza wa Narae ɗaki. Tagarta yanzu bayan asibiti take kallo, ba ta ganin bencin ko kaɗan. Tak ya faɗa min, uwar Dong-gu ma ta ce in zauna a shagonta in sha iska. Na sani. Amma in na tashi daga bencin sai in ji kamar yanzu za a tsayar da gado a bakin taga.

Kada ki sa ran dawowata kwana kusa. Ki ci gaba da ba karen abinci, ki gaishe da duk wanda ya tambaye ni.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mal-sun